Bugu na Huɗu

Tun kafin ya gama zama Kafinta ya gane bencin ofishin yana girgiɗa, amma yau ba aiki ne ya kawo shi ba. Autarsa ce a bayan ƙofar can, ana gwada ta a Sifaniyanci. Kamfanin na neman mai amsa wayar baƙi, mutum ɗaya tak, ita kuwa Auta da in'ina ta tashi.

A rubuce ba ta da na biyu, baki ne ke ƙi. Akwai wata siffa, maravilloso, wai "mai ban sha'awa", wadda ta hana ta sakat. Da ta ce "ma" sai ta cije kamar zarto a ɗanyen katako.

"Baba, gaɓa biyar ce, ƙarfin yana kan ta huɗu," ta taɓa ce masa a shago. "Ni na sani, harshena ne bai sani ba."

"To ai ƙusa ce," in ji shi. Ya ɗauki guduma: uku a hankali, ɗaya da ƙarfi, ɗaya na lallashi. Ma-ra-bi-YO-so. Daga ranar, duk kalmar da ta gagara sai ya bubbuga mata ita gaɓa-gaɓa, har maƙwabta suka fara kiransa Farfesa. Bai taɓa hana su ba.

Yanzu kuwa, ta gilashin ƙofar ofishin ya hango bakinta a buɗe, ba ya motsi. Ya dunƙule hannu ya buga a benci, uku a hankali, ɗaya da ƙarfi.

"Baba, lafiya? Nan ofis ne fa!" in ji masinja.

Ko kallo bai ishe shi ba, domin bakin Auta ya riga ya saki.

Ta fito tana haki. "Baba, sun ɗauke ni!"

"Ai na ga kin cije, na ce bari in sa hannu. Kin ji na huɗun nan?"

"Wane na huɗu? Ba a jin komai a ciki. A gwiwata na buga."

Kafinta ya tashi ya ƙwanƙwasa ƙofar. Katako ne mai kauri, aikin gwani, ko ƙarar guduma ba za ta ratsa shi ba. Ya ɗan ji kunya, sai kuma wani daɗi ya cika masa ƙirji.

"'Yata ce," ya gaya wa masinja. "Ita kaɗai ta yi, ba hannun kowa. Bencin nan naku kuma, gobe zan zo da gudumata."