Allurar da Ke Firigon Fadimata

Layin na biyu dai yana nan kuma ba ya nan. In Bara'atu ta ɗaga tsinken gwajin ciki zuwa hasken taga sai ta gan shi, siriri, ja-ja, kamar wurin da aka goge jan-baki. In ta karkata shi kaɗan sai ya ɓace, ya bar ta da layi ɗaya tal, wanda ta saba gani shekara tara. Kai, abin nan da cin rai yake! Da ya fito sosai da ta yi guɗa, da bai fito ba da ta yi kukanta ta tashi ta ɗora tukunya.

Ita da mijinta Nomau daga Tawa suka zo Akokan da ke gefen Arlit, lokacin da ramin uraniyom ke ci. Da aka rufe ramin aka sallami ma'aikata, ya koma tuƙin motar ruwa. Dangi suka yi ta zuga shi ya ƙara aure, shi kuwa ya ɗauke ta sai Yamai, wurin wata lokotoro ta mata. Ta ba su ƙwayoyi da allura biyu, ɗaya ta wannan wata, ɗaya ta wata mai zuwa in ba a dace ba. Ta yi dogon bayani da Faransanci, Nomau ya taƙaita shi da Hausa: allurar ba ta son zafi, kuma kada Bara'atu ta gwada kanta a gida, ta jira gwajin jini. Dalili fa? Bai faɗa ba. To wa zai ce wa macen da ta jira shekara tara ta ƙara jira, ta kuma ji?

An yi mata allurar farko. Ta biyun tana gidan maƙwabciyarta Fadimata, 'yar Abzin mai sayar da ƙanƙara, don ita kaɗai ke da firigo mai aiki da hasken rana a layinsu. Nomau ne ya kai, shi ne kuma ke leƙawa ya tabbatar sanyi bai yanke ba.

Bara'atu ta fara da zargin mai farmasi. Mutumin da ke jera kaya a rumfar kwano cikin zafin Arlit, wa ya san ko tsinkayen sun dahu tun kan kanta? Sai dabara ta zo mata, ta kuma ji daɗin wayonta. Tana da tsinke ɗaya da ya rage. Mijin Fadimata, Alhusaini, yana haƙar zinariya a Cibarakaten tun kafin azumi, bai leƙo gida ba. In akwai macen da ba ta da ciki a Akokan, to ita ce. In nata ma ya nuna wannan inuwar, kayan ne suka lalace. In ya fito fes da layi ɗaya, to na Bara'atu gaskiya ne.

Ta ja mayafi ta shiga.

"Ƙawata, taimako nika so, amma kada ki yi mini dariya."

Fadimata ta yi dariyar kuwa, har da buga cinya. Ta ce da Hausarta ta Abzin da ba ta raba mace da namiji, "Kai dai, Bara'atu! Ni da mijina yana cikin duwatsu? Kawo in yi maka."

Ta zaga bayan ɗaki ta dawo, suka aza tsinken a bakin turmi suka tsuguna a kansa kamar masu jiran shayi. Ba su ma jira ba. Layi biyu suka fito ɓaro-ɓaro, jawur, ko daga ƙofar gida ana iya ganinsu.

Dariyar Fadimata ta tsaya cak. Ta dubi tsinken, ta dubi ƙofar ɗakin da firigon yake, sannan ta ce da sauri, "Ya lalace. Wallahi zafi ya kashe shi. Jefar."

Bara'atu ba ta jefar ba. Ta naɗe shi a bakin zane ta koma gida.

Ta zauna ta jera tsinkayen biyu a kan tabarma. Abin da ya lalace ai ba ya fitowa da kyau haka. In kuwa bai lalace ba, Fadimata na da ciki, mijinta kuma ba ya gari. To wane namiji ke shiga gidan nan? Nan take abubuwan da ta gani ba ta kula ba suka fara dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Duba firigo, aikin da bai fi a buɗe a rufe ba, Nomau sai ya daɗe. Ya kan dawo da ƙanƙara a leda, ya ce kyauta aka ba shi. Ran nan ta ji dariyarsu ta kan katanga. Ran nan kuma rigarsa ta yi ƙamshin turaren wuta da ba nata ba. Kuma me ya sa Fadimata ta kalli ɗakin can? Me ya sa shi ya hana ta gwaji a gida, ya ce wai lokotoro ce ta ce? Ita ta ji Faransanci ne?

Zuciyarta ta yi baƙi ƙirin. Amma ga abin kunyar: tana cikin tsine musu, sai ta tarar da hannunta a kan mararta, yana shafawa a hankali. In tsinken ya faɗi gaskiya a kan Fadimata, ai ya faɗi gaskiya a kanta ita ma. Ta yi kuka, ta yi murmushi, ta sake yin kuka. Har suna ta zaɓa kafin a kira la'asar.

Tana sallame salla ta koma, ko sallama ba ta yi ba.

"Ba ni allurata. Ba ni ƙara barin abina cikin gidan ga."

Fadimata ta miƙe ta tare ƙofar ɗakin da jikinta. "Bari sai gobe."

"Mi kike ɓoyewa? Matsa!"

Ta ture ta, ta buɗe firigon, ta ɗaga ledojin ƙanƙara. Kwalin allurar yana nan. Ta ɗauka ta ji shi sakayau, babu komai ciki.

Fadimata ta sulale ƙasa ta rufe fuska. Tun haihuwarta ta fari da ba ta zo da rai ba, shiru, ba ta sake samun ciki ba, Bara'atu ma ta san wannan. Abin da ba ta sani ba shi ne Alhusaini ya aiko direba cewa yana tafe ranar Juma'a, kuma ba zai daɗe ba. Kullum Fadimata na buɗe firigo tana ganin maganin haihuwa na Yamai, inda ita ba mai kai ta. Shekaranjiya ta ɗauka, ta hau babur zuwa Arlit, wani mai allura ya yi mata.

"Na ce naka zai kama, ba za ka nemi na biyu ba. Ka yafe ni, ƙawata."

Bara'atu ba ta yarda ba sai da ta gani. Ta sa ta kwance zane ta nuna mata gurbin allurar, ta sa ta tono kwalbar daga cikin toka a bayan murhu. Ita ce, da rubutunta da komai.

"To maigidana fa? Mi yaka daɗewa yi nan?"

Fadimata ta ɗago ido cike da mamaki. "Batir yake gyara mini. Don maganinka."

Bara'atu ta tsaya da kwalbar a hannu. A hankali abin ya sauka mata, kamar ruwan sanyi a bayan wuya. Mace ba miji, ba ciki, an yi mata allura shekaranjiya, layi ya fito jawur. Ita an yi mata tata tun kwanakin baya, layi ya fito dishi-dishi. Ashe allurar ce ke zana shi. Ashe abin da lokotoro ta yi ta faɗa ke nan. Wataƙila abin da ta wuni tana shafawa sauran magani ne da bai gama fita ba. Allurar wata mai zuwa kuma tana jikin Fadimata, ga Yamai ba nan kusa ba.

Ta ajiye kwalbar a kan firigon ta fita.

Dab da magariba Nomau ya shigo, wandonsa jiƙe da ruwan mota, yana riƙe da 'yar ledar dabino.

"Lahiya, Bara'atu? Idonki ya yi ja."

"Hayaƙi ne."

Ta karɓi ledar tana kallonsa tun daga hula har takalmi, tana neman laifi ko ɗaya, ba ta samu ba. Mutumin nan bai ci amanarta ba, bai ma taɓa tunanin yi ba. Ta zuba masa ruwan wanka ta kai bayan ɗaki, tana jin haushinsa har cikin ƙashinta. Ɗazu da rana, lokacin da yake maci amana, tana da ciki.