Man Goge Baki a Idon Kyamara

...kuma ai ba laifin man goge bakin ba ne. An ce masa goge, ya goge. Haka Darakta yake faɗa wa kansa, yana tsugunne gaban talabijin ɗin ɗakinsa, kyamara a cinya, ƙofa a kulle. Darakta, sunan da 'yan layin kayan mota suka laƙaba masa ranar da ya sayo kyamarar nan ta hannu. Ya karɓi sunan hannu bibbiyu, bai tsaya jin dariyar da ke biye da shi ba.

A falo an taru. Yana jin ana jan kujeru, Yaya tana raba wa kowa wurin zama kamar ita ta gina gidan. Auta ta iso ɗazu da rana, daga nesa, idanu a kumbure. Ba ta samu Baba da rai ba. Shi ne fa ya ce mata a waya: "Share hawayenki, na ɗauke shi a bidiyo tsaf, kamar ki miƙa hannu ki taɓa shi."

Kamar ki taɓa shi...

Yana sake kunnawa. Ga labule, zare bayan zare. Ga ƙusa a bango. Ga ƙuda a hannun kujera, ya fito ɓaro-ɓaro har kana iya gane ƙudan nan mura yake yi. Ga hannun Baba, hannun kafinta, da yatsan da zarto ya rage wa tsawo. Ga wuyan riga, ga maɓalli. Sai kuma—fari. Daga gemu har goshi, kamar an hura numfashi a madubi. Murya ce kawai take fitowa daga cikin gajimare.

Karce ne fa, ɗan mitsitsi. Makulli ne ya yi shi a cikin jaka... wa yake haɗa makulli da kyamara? Wanda murfin gilashinsa ya ɓace tun bara, shi. Karcen da ko sauro ba zai yi tuntuɓe da shi ba. A tsakiyar gilashin. Da ya ƙyale shi—

Mai gyaran agogo ne ya ba shi dabarar. Allah ya isa? Ya isa me, mutumin bai ce kyamara ba. "Ɗan man goge baki da auduga, ka murza a hankali, sai ya koma sabo fil." Agogo yake nufi, bawan Allah. Shi kuwa Darakta ba ya yin abu rabi da rabi. Ya murza, ya ƙara, ya murza har yatsa ya ɗau zafi, har shuɗin nan mai sheƙi da ke fuskar gilashin ya fita tas, ya ce ashe ma datti ne. Kyamara ta yi mako tana ƙamshin na'ana'a. Garin neman gira...

To yaya aka yi bai gani ba? Ɗan allon kyamarar bai fi akwatin ashana ba, kuma duk shatin yatsu. A cikinsa kowa kyakkyawa ne. Ya ga fari-fari, ya gani mana, ya ce hasken taga ne. Haske mai taushi, haka ya raɗa masa suna, har da gyaɗa kai. Babban darakta ba ya kallon aikinsa sai ya gama ɗauka. Wa ya faɗa masa haka? Babu. Shi ya faɗa wa kansa, shi ya yarda.

"Baba, matso kaɗan. Kaɗan kuma. Tsakiya nake so."

Tsoho ba lafiya, numfashi da ƙyar, ana jan sa da kujera kamar buhu. A gefe ya so zama, jikin taga, inda yake samun iska. A gefe, inda gilashin yake garau! Da ya bar shi... A'a, fuska a tsakiya, doka ce. Dokar wa?

"Kai, ni katako ne da kake ta auna ni?"

Shekara da shekaru yana ƙin akwatin nan mai ido ɗaya. Ɗaga shi kawai, sai ya juya baya ya kama fiƙe fensir. Sai da ƙafa ta daina ɗaukarsa ya ce, kawo abin naka, ɗauki ka ba Auta, kada ta ce na tafi ba sallama. Sau ɗaya ya yarda. Sau ɗaya, kuma ba a cewa a sake.

Ya ce katin kyamarar ya lalace? Ƙarya ce mai sauƙi, kati ba shi da baki. Amma muryar fa, ya binne ta ita ma? Ko ya ce musu haske ne, irin na mutanen kirki idan tafiya ta matso... Mijin Yaya zai yarda, har ya yi hawaye, har ya kai labarin kasuwa. Yaya kuwa? Kallo ɗaya. Tun yana tsallake katangar makaranta ta san ƙaryarsa daga tafiyarsa.

Gaba... gaba... tsaya. Nan Baba ya sunkuya zai yi tari, kai ya fita daga gajimaren. Kunne. Kunne ɗaya da ɗan gefen kumatu, da furfura. Tar, kamar a taɓa. Ga gadonki, Auta, kunne.

Ba komai. Zai zauna kusa da ita, duk inda farin ya rufe ya cike mata da baki. Ai yana wurin, taku ɗaya tsakaninsu. Ga inda Baba yake cewa, "Auta, ke kuma..." sai muryar ta karye, sai shiru. Nan za ta tambaya. Dole ta tambaya. Baba murmushi yake yi a nan ko kuka?

Yana rufe ido ya ɗauko fuskar. Murmushi... a'a. Kuka? Baba bai iya kuka ba, sai dai... Me ya gani a lokacin? Alamar batir. Ta koma ja, tana ƙiftawa a kusurwa, shi kuma yana roƙonta a zuci, riƙe, riƙe, kada ki mutu yanzu. Ita yake wa addu'a. Har shirun ya ƙare bai ɗago kai ba.

Ana buga ƙofa.

"Darakta, ko sai ka gama kashi na biyu? Yarinyar nan ta ƙi cin komai sai ta gan shi."

"Ga ni nan, Yaya."

Yana miƙewa, gwiwa tana ƙara. Murmushi ne... ko kuwa... Hannunsa yana kan makulli, bai murɗa ba.