Goɗiyar Verlene

Na tsufa ina zuba wa mutane kofi a wani ɗan gidan abinci a garin Paducah, amma ba wanda ya shiga raina kamar Verlene da goɗiyarta. Verlene makauniya ce, bakinta kuwa sai a hankali. Goɗiyar, Juniper, tsayinta bai wuce ƙuguna ba, ita ke mata jagora. Kullum da safe sai mu ji takun takalman robarta, ta ratsa tsakanin kujeru ta kai uwar ɗakinta teburin bakin taga, ta tsaya ƙyam. Mijin, Orval, yana biye da su kamar ɗan rakiya. Ina kewar safiyoyin nan ƙwarai.

"Karnukan jagora biyu na binne, na gaji da kuka," in ji Verlene. "Wannan ita za ta binne ni, ku dai zuba ido."

Haka kuwa aka yi, a hunturun bara. Bayan jana'iza Orval ya ci gaba da zuwa, ko in ce Juniper ta ci gaba da kawo shi. Ba wanda ya ce uffan, sai da aka turo mana sabon manaja, Dane, mutumin kirki, amma doka ta zauna masa a ka daram. Ya tare su a ƙofa.

"Baba, ka yi haƙuri. Saboda wata nakasa kake tafe da dabbar nan?"

Da a ce Orval ya ce e, da magana ta ƙare, don doka ta yarda mai nakasa ya shigo da dabbar da ke taimaka masa, ba ta kuma ce a nemi takarda ba. Na yi ta ƙyafta masa ido har idona ya gaji.

"Idona garau, ɗana. Ta matata ce."

"To kai wane aiki take maka?"

"Gari na wayewa take bugun ƙofa da kofato. In ba don ita ba, ban ga abin da zai tashe ni daga gado ba."

Dane ya sunkuyar da kai. "Gaskiya, Baba, dokar ba ta kai nan ba."

Ban taɓa jin haushin mai faɗin gaskiya irin na ranar ba. Orval ya juya zai fita, ya ja linzami. Juniper ta ƙi motsi, fuskarta na kallon teburin bakin taga. Ya durƙusa da ƙyar, ya dafa wuyanta.

"Zo mu tafi gida, 'yar nan," ya ce a hankali. "Ba ta nan."