Inji Mai Lamba Arba'in da Ɗaya

Ranar wata Talata aka rufe masaƙar auduga. Ƙarfe biyu ya yi jiniya ba ta busa ba, rabin matan garin suka ƙona girki saboda da ita suke auna lokaci. Mutum ɗari bakwai suka fito ta get da farar ƙurar auduga a gira, kowa yana tunanin abin da zai ci da iyalinsa. Shi kuwa Boka abin da ya tsaya masa a wuya daban ne: an rufe wurin bai gano ciwon inji mai lamba arba'in da ɗaya ba.

Makanike ne a ɗakin saƙa, shekara ashirin da shida. Sunan Boka ma saboda injin nan aka laƙaba masa, wai kullum yana kan magani, majinyaci bai tashi ba. Noti ɗaya ne, a gindin sandar da ke buga ƙoshiya, wato ɗan itacen da ke kai zare yana dawowa. Ya ɗaure shi yau, bayan kwana uku ya saki, ƙoshiya ta maƙale, zare ya tsittsinke. Ya sauya notin, ya sauya ƙarfen, ya karanta littafin injin har bango ya cire. Ya rubuta wa waɗanda suka ƙera shi wasiƙa biyu, suka amsa ɗaya, suka ba shi shawarar ya ɗaure notin sosai. Da aka zo naɗa shugaban makanikai, aka tsallake shi aka ba wani da ke riƙe littafi a kife. Mai saƙa a kan injin kuwa matarsa ce. Ya aure ta a shekara ta uku da fara wannan jinya, bai kuma daina yi mata faɗan ganganci da kayan aiki ba har Allah ya karɓi abarsa bara, shekara goma sha takwas bayan rufewar.

Shekara goma sha tara da rufewar, ya ji an sayar da injinan ga masu sayen tsohon ƙarfe, sun ma fara yanka. Ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya tafi wajen yayar marigayiya, wadda ta yi aiki a sashen kaɗi, don maigadin wurin surukinta ne.

"Ƙarfen da ya gagare ka da ƙuruciya shi za ka koma wa da sanda?" in ji ta.

"Yaya, get kawai za ki sa a buɗe mini. Ban zo neman wa'azi ba."

"Ai sai na bi ka. In ka faɗi a rami wa zai gaya wa 'ya'yan ƙanwata?"

Ta bi shi, tana jan ƙafa tana mita. Maigadi ya ce su yi sauri, kafin azahar masu yankan za su iso layin tsakiya.

Ciki ya lalace yadda duk abin da aka bar wa mutane amana yake lalacewa. An kwashe tagogi har da katakonsu. Kantin da suke cin abinci ya zama ɗakin awaki. A jikin bango har yanzu akwai allon da ke cewa a kula da tsabta, tattabaru sun ba shi amsa daga sama har ƙasa. Yaya ta tsaya nuna masa inda wance ta haihu a bakin famfo, da inda aka kama wane da yadi goma naɗe a ciki yana cewa ƙiba ya yi.

"Tarihi na zo ji ko aiki na zo yi?"

"Kai dai ba ka iya zama da mutane ba. Ban san me ta gani a jikinka ba."

Ɗakin saƙa shiru, sai ƙarar injin yanka daga can ƙurya. Shirun ya ba shi haushi. A da, idan injina ɗari biyu suka tashi, ko ihu ka yi a kunnen mutum ba zai ji ba. Shi ya sa kowace masaƙiya take da jan tsumma a kan sanda. In injinta ya sami matsala sai ta ɗaga, makanike ya zo ya tsaya gabanta, ya kalli leɓɓanta ya karanta abin da take faɗa. Tsumman arba'in da ɗaya ya fi na kowa shan iska.

Ya sami injin a layi na huɗu, tsatsa ta cinye shi, rufin da ke samansa ya rufta. Ya durƙusa da ƙyar, ya goge notin da tsumma. Bai taɓa ganin notin nan a hasken rana ba, kullum da fitila yake leƙa shi a cikin ƙura. Sai ga kusurwoyinsa a goge, amma ta gefe ɗaya kawai, gefen da sifana ke ci in ana kwancewa. Shi kuwa ɗaurewa ce aikinsa. Kuma sifanarsa ba ta zamewa, wannan alamar sifana ce da ta yi wa notin yawa.

"Noti ba ya kwance kansa ya bar irin wannan tabo," ya ce, kamar da injin yake magana.

Yaya ta sami wani akwati ta zauna, ta shiga gyaran ɗankwali.

A ƙarƙashin kowane inji akwai ɗan akwatin katako na masaƙiya, inda take ajiye almakashi da abin taɓawa. Dokar ɗakin ce, ba a rubuce ba, makanike ba ya sa hannu a ciki. Shekara ashirin da shida yana durƙusawa da gwiwarsa a jikin akwatin nan. Ya sa sukundireba ya ɓalle murfin. Almakashi, guntun madubi, da sifana lamba goma sha huɗu naɗe a ƙyalle.

Ya miƙe, ya juya wajen Yaya.

"Kin sani."

"Duk sashen kaɗi sun sani. Masu shara ma sun sani."

"Wasiƙa biyu na rubuta! An hana ni shugabanci! Yaran da aka haifa a gabana suna ce mini Boka!"

"To ai ka ci sunanka."

"Kafin aure, na ji, yarinta ce. Bayan aure fa? Gida ɗaya muke kwana!"

"Gida ɗaya, kai da littafi a fuska. Ta yi maka magana ka ce uhm. Ta ce yaro ba lafiya ka ce uhm. A nan ne kaɗai dole ka tsaya ka kalli bakinta har ta gama." Yaya ta tashi tana dafa gwiwa. "Minti goma duk bayan kwana uku, Boka. Ai ba ta yi haɗama ba."

Ya buɗe baki zai kawo hujja, don bai taɓa rasa hujja ba, sai ga masu yanka sun shigo layin da tukunyar gas. Babbansu ya ce, "Baba, a matsa mana, ko akwai abin da za a ɗauka?"

Ya kalli injin, ya kalli sifanar. Ya jefa ta cikin jaka ya matsa gefe.

Suka kama hanyar fita. Haushi yake ji na gaske, irin wanda ba inda za a kai shi. Shekara ashirin da shida tana fama da sifanar da ba ta dace ba, tana zamewa tana ƙuje mata yatsu, shi kuma da yamma ya ga ƙujewar ya ce ganganci ne. Ga maganar a bakinsa tsaf, mai jin ta kuma ta tafi: da kin gaya mini, ai da na ba ki lamba goma sha uku.