Muryar Baba a Akwatin Kyauta

Akwatin imel ɗin gidanmu Baba ne ya buɗe shi, tun lokacin da sai mutum ya je shagon intanet ya bi layi kafin ya taɓa kwamfuta. Na kyauta ne, irin wanda kowa ke da shi. Kalmar sirrin ma ba sirri ba ce: ni na san ta, Yaya ya san ta, har ƙanwar Inna da ke wani gari ta san ta. Ba ma aika wa kowa saƙo da shi, kanmu muke aika wa. Hoton jariri, sakamakon jarrabawa, takardar asibiti, duk abin da mutum ke tsoron ya ɓata sai ya tura can, kamar yadda ake jefa kaya a tsohuwar durowa.

Baba ya fi kowa. Da ya samu waya mai ɗaukar murya, sai ya riƙa magana yana turawa. Ba wata maganar a-zo-a-gani ba ce: yadda ake tayar da injin ruwa in ya yi gardama, faɗan wanda ya bar ƙofar gida a buɗe, da wata waƙa da yake rerawa ba daidai ba yana dariya. Bayan rasuwarsa wayar ta lalace, amma muryar tana nan a akwatin. In kewa ta taso wa Inna sai ta shigo ɗakina, ta zauna a bakin gado.

"Auta, kunna mini faɗan ƙofar nan."

Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Ji shi, sai ka ce shi bai taɓa barinta a buɗe ba." Sai ta tashi ta koma kicin.

Ana nan sai Yaya ya buɗe kamfani. Ɗaki ɗaya ne a saman shagon mai facin taya, da tebur, da fanka mai ƙara, da kujerar nan mai juyawa. Amma daga ranar ya hana a ce masa Yaya a gaban mutane, sai dai Manaja. Ya sayi adireshin imel mai sunan kamfanin a jiki, irin wanda ake sabuntawa duk shekara, ya buga shi a kati yana rabawa har wa mai wanki, wanda ko karatu bai dame shi ba.

Wata rana ya tarar da mu muna kallon hoton Baba a wayata. A gefen hoton akwai tallar maganin sanƙo. Nan take ya ɓata rai.

"Wannan ai abin kunya ne. Mahaifinmu guda a ajiye shi a wurin 'yan kyauta, kusa da talla? Duk abin da ka ga kyauta ne, ranar da suka ga dama za su watsar da shi."

Na ce, "Yaya, abin nan ko hoto ɗaya bai taɓa ɓatar mana ba. Tallar kuma ina jin kai suka hango."

Bai yi dariya ba. Ya shafa kansa, ya ce in riƙa sanin da wa nake magana. A ƙarshen makon ya kwashe komai zuwa adireshin kamfaninsa, sannan ya rufe na Baba gaba ɗaya, wai don kada mu koma gidan jiya. Shafin ya yi ta tambayarsa ko ya tabbata, shi kuwa yana dannawa yana juyi a kujera. Sabuwar kalmar sirri kuma ta zama sirri na gaske, shi kaɗai ya san ta. Inna sai ta jira ranar da Manaja ya samu sarari kafin ta ji muryar mijinta. Na roƙe shi ya turo mini ko faɗan ƙofar ne kawai, kullum sai ya ce gobe.

Kamfanin bai yi ƙarko ba. Fanka ta tsaya, katunan suka koma abin da 'ya'yansa ke wasa da su, ya daina buɗe akwatin ma sam. Sai wata safiya na gan shi a tagar ba da magani ta asibitin da nake aiki, ba kwat, ba ƙamshi, ido ya raina fata.

"Auta, adireshin nan ya ƙi buɗewa. Wai babu shi."

Ya kira waɗanda suka sayar masa. Sun ce lokacin sabuntawa ya wuce tuntuni, sun yi ta aika masa gargaɗi, sun riƙe kayan wata da watanni kafin su share. Ya tambaye su ina suka aika gargaɗin. Suka karanto masa adireshin da ya ba su ranar rajista: na Baba, na 'yan kyautar, wanda ya rufe da hannunsa yana juyi a kujera. Ya koma ya gwada farfaɗo da tsohon, aka ce wanda aka rufe da daɗewa haka ba ya dawowa.

"Ke kin fi iya magana da Inna. Ki gaya mata."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Ni ba manaja ba ce."

Da yamma ya zo gida. Inna tana tsakar gida tana naɗe wanki, da ta gan shi da jakar kwamfuta sai ta ajiye zanin hannunta, ta gyara zama, fuskarta ta washe.

"Yauwa, Babba. Yau kam na tashi da shi a raina. Kunna mini."

Ya tsuguna ya fara kame-kame: sabuntawa, rajista, matsalar da ta fito daga can wurin kamfanin. Inna ba ta san ko ɗaya daga ciki ba, amma ta san ɗanta. Ta bar shi har ya rasa abin faɗa.

"Babu ke nan?"

"Babu, Inna."

"Har waƙar?"

Ya sunkuyar da kai. Ta kalle shi, ba faɗa, ba kuka. Sannan ta ce, "Sau biyu ke nan ana zuwa a tsuguna a gabana a ce mini mutumin nan ya tafi. Na farko dai Allah ne ya ɗauke shi."