Tagar Manaja

"Ku bar shi, ba da gangan ya yi ba!"

Abin da Baba Kafinta ke faɗa ke nan yana kwance a tsakar gidansa, takalmi ɗaya a ƙafa, sandarsa can gindin famfo. Ni maƙwabciyarsa ce, tela, ƙarar faɗuwarsa ce ta tashe ni daga kan keke na shigo a guje da almakashi a hannu. Wanda ya yi aika-aikar kuwa, wani ƙaton rago mai suna Manaja, yana tsaye yana tuƙa abinsa kamar ba shi ba.

Baba ne ya raɗa masa sunan, wai don ba ya aikin komai sai ci da zagayen duba mutane. Shekarar da matar Baba ta rasu aka kawo masa shi, ɗan mitsitsi, ba uwa, ya raine shi da kwalbar jarirai. To, Manaja ya girma, amma ba wanda ya gaya masa. Har yanzu da gudu yake tarar Baba ya cusa kai tsakanin ƙafafunsa. Baba kuwa ya haura tamanin.

Kafin mu gama zaunar da shi, 'yarsa ta iso da fararen kayanta na nas. Ta lalluba ƙugunsa, ta murza gwiwarsa, sannan ta miƙe ta riƙe ƙugu.

"Baba, karo na uku ke nan a wata guda. Kullum ina ganin tsofaffin da suka faɗi suka karye. Wasu ba sa sake tashi."

"Gaishe ni yake yi, Uwata."

"Gaisuwar da za ta kwantar da kai a asibiti? Gobe mahauci zai zo."

Baba ya kalli ragonsa. Can ya ce a hankali, "In ya tafi, da wa zan yi faɗa da safe?"

Tausayi ya kama ni, bakina ya riga hankalina. Na ce, "A kawo shi gidana." Ni ɗin nan da ragon ya cinye wa tef ɗin awo biyu da hannun rigar mutane a kan igiyar shanya! Nas ta yarda, da sharaɗin Baba ba zai taka inda ragon yake ba. Baba ya amince nan take, saurin amincewar ma ya ba ni tsoro.

Washegari da hantsi na ji kukan zarto. Shingen katako ne ya raba gidajenmu, Baba ne ya kafa shi da hannunsa shekaru talatin baya. Na leƙa na gan shi zaune daram a kujera, fensir a bayan kunne, yana yanka shingen.

"Tela, ɗauko tef ɗinki, in ya bar miki saura. Auno mini kansa daga ƙaho zuwa ƙaho."

Kafin rana ta karkata ya fitar da 'yar taga daidai kafaɗar mai zama. Bakin Manaja na shiga, ƙahoni ba sa wucewa. Ya goge gefunanta sumul, ya yi mata murfi da sakata. Hannunsa na rawa wajen riƙe kofi, amma ko ƙusa ɗaya bai kaikaita ba.

Da Nas ta zo, ta jijjiga shingen da ƙarfinta, ta leƙa tagar, suka yi ido huɗu da Manaja.

"Kin ce kada ƙafata ta taka inda yake," in ji Baba. "Ban ji kin ambaci hannuna ba."

"Kai dai, Baba, ba a iya maka," ta ce, dariya ta ƙwace mata.

Wata bakwai aka yi haka. Kullum da safe sai na ji ƙwas ɗin sakata, sannan faɗa ya biyo baya. "Kai Manaja, yau ma ba aiki? Dubi tumbinka!" Ina taka keke ina dariya ni kaɗai. Baba bai sake faɗuwa ba ko sau ɗaya.

Wata Talata na ji sakata, na ji faɗan, sai kuma na daina ji. Har na gama kalmasa zane shirun bai yanke ba. Na fita. Manaja na tsaye a tagar, bakinsa a ciki, ko kunne ba ya kaɗawa, shi da bai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba. Na zaga na shiga gidan Baba. Baba na kujerarsa, kansa jingine da katako, kwanon dusa a cinya, tafinsa a kan hancin ragon. Na kira shi sau uku kafin na yarda. Na yi kuka sosai, ba zan ɓoye ba.

Bayan mutane sun watse, Nas ta dawo kwashe kaya. Na ɗauka maganar mahauci za ta tayar, har na shirya musu. Sai ta tsaya tana shafa hannun kujerar Baba.

"Bai faɗi ba, Yaya," ta ce. "A zaune ya tafi."

Ta zauna, ta ɗora kwanon a cinyarta, ta zare sakatar. Farin baki ya leƙo yana shinshina.

"Kai, marar aikin yi," ta ce. Ta ɗebi dusa a tafinta ta miƙa.