Buƙatar Alhaji Garba

Shekarar da Arfa ta faɗo cikin zafin nan mai narka kwalta, Tsoho na unguwar Hindawiyya a Makka aka ba jagorancin wasu manyan baƙi biyu. Shi sauran watanni ɗinkin takalma yake a bakin kasuwa. In aikin hajji ya zo sai mutawwifi, mai kula da masaukin alhazai, ya ɗauke shi ya riƙa yi wa mutanen Afirka ta Yamma jagora, tunda ga Hausa a bakinsa, ga Larabcin Makka, ga addu'o'i.

Baƙin nan 'yan majalisa ne daga ƙasar da Tsoho ya baro da ƙafa tun gemunsa yana baƙi, 'yar ƙaramar ƙasa da ba ta daɗe da samun mulkin kai ba. Alhaji Garba gajere ne mai fara'a, Alhaji Mukhtaru dogo, ba ya dariya sai dole. Jirgi ɗaya suka zo, tanti ɗaya suke kwana, amma in ban da sallama ba abin da ke haɗa su. Tsoho ya ɗauka tsoron Allah ne kawai, don mai aikin hajji ba ya jayayya.

Ranar Arfa, da rana ta karkata, Garba ya ja shi gefe.

"Malam Tsoho, kai maƙwabcin Ɗakin Allah ne. Ina da buƙata a gida, ta tsaya mini a wuya. Ka sa mini baki."

Tsoho bai tambayi ko mece ce ba. Masu wannan aiki ba sa tambaya: wani haihuwa yake nema, wani ciwo ne da ba ya faɗuwa, wani shari'ar gona. Sai ka ce Allah ya biya masa buƙatarsa, Shi ya san ta. Tsoho ya fuskanci alƙibla ya ɗaga hannu, ya yi ta roƙo har hawaye suka jiƙa masa gemu, bai sauke ba sai da rana ta faɗi.

A Mina, ranar da aka yi jifa na ƙarshe, ana ɗaure kaya, Tsoho na tsugune yana zuba musu shayi, sai Mukhtaru ya gyara zama.

"To, an gama aiki, ba sauran abin da zan ɓata. Alhaji, da wane ido za ka kalli iyayen yaran nan?"

"Da idon da ka sa hannu a ƙawancen tsaron nan," in ji Garba. "Ko ba ka wurin? Sun ce kowace ƙasa ta kawo soja, sai mu mu ɓuya? Ranar da aka kawo mana hari wa za mu kira, kai da carbinka?"

"Ƙasar da sojanta duka ba su cika filin idi ba, ita ce za ta je kashe wutar wasu? Dajin da ko sunansa ba ka iya faɗa ba!"

"Bataliya ɗaya ce fa. Ta barikin Tudun Baure kaɗai."

Shayi ya cika kofi ya malala kan tabarma, Tsoho bai sani ba sai da zafi ya taɓa masa yatsun ƙafa. Lokacin da zai taso daga gida, ɗansa na fari bai isa tafiyar ƙasa ba, sai ya bar shi a hannun ƙanensa. Alhazan garinsu ne suka kawo masa labari cewa yaron ya girma ya shiga soja, yana barikin Tudun Baure.

Ya ajiye butar a hankali.

"Ranka ya daɗe, buƙatar nan ta Arfa..."

"Ita ce mana!" Garba ya yi murmushi. "Da mun koma za a jefa ƙuri'ar tura sojan a majalisa, kuma tsakaninmu da su Mukhtaru ba nisa."

"Ashe har Arfa ka kai ta?" in ji Mukhtaru. "Kai, Alhaji, ka ji tsoron Allah."

Tsoho bai ƙara jin abin da suke faɗa ba. Shi da bakinsa yake gaya wa alhazai kullum cewa addu'ar yammacin Arfa ba ta dawowa. Ga shi an kwashe tantuna, filin Arfa ya koma fayau, ba wanda zai sake tsayawa can sai baɗi. Ya dubi tafin hannuwansa kamar na wani ne.

"Ina da yaro a can," ya ce.

Murmushin Garba ya bushe masa a fuska.

"Innalillahi. Malam, me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Kai ma ba ka faɗa ba, ranka ya daɗe."

Garba ya cire hula ya shafa sabon askinsa.

"Ba zan yi maka ƙarya a Mina ba, ba zan janye ba. Amma dole a bar wasu su tsare bariki, kuma na san babbansu. Yaya sunan yaron?"

Nan harshen Tsoho ya yi nauyi. Ɗan fari ne, kuma a gidansu uba ba ya kama sunan ɗan fari. Tun ranar suna bai taɓa furta shi ba, ko shi kaɗai, ko cikin addu'a. "Yaron nan" yake cewa, kowa ya gane.

"Na fari ne ko?" in ji Mukhtaru, muryarsa ta sauka. "Faɗi, Malam. Yau ba ranar kunya ba ce."

"Hashimu," ya ce, kamar mai satar magana.

"Hashimu wa? Soja da sunan gari suke rubuta mutum, wani ma ya canza. Hashimu nawa ne a bataliya?"

Tsoho bai sani ba. Kafin ya ce wani abu direban manyan baƙi ya leƙo yana tafa hannu yana gaggauta su: "Yalla ya Hajj, yalla!" Motar za ta kai su ɗawafin bankwana ta wuce da su Jidda, shi kuwa mutawwifi ya bar masa sauran alhazai da kayansu. Garba ya miƙe, ya kama masa hannu ya ce zai duba, in Allah ya so.

Mota ta kutsa cikin jama'a tana tafiya kamar ba ta so. Tsoho ya tsaya a bakin tanti, sai kuma ya ga kansa yana binta ba takalmi, yana ture mutane, yana dukan gilashi.

"Hashimu ne, Alhaji! Hashimu ɗan Tsoho! Yana da tabon ƙuna a hannun hagu! Hashimu!"

Mutanen Hindawiyya da ke dakon kaya suka tsaya suna kallonsa da lodi a ka. Garba ya ɗaga hannu ta bayan gilashi, bakinsa yana motsi, amma hayaniya ta hana a ji ko sunan yake maimaitawa.